Babi na Biyar: Yadda Ƙafar Malami Ke Kafuwa a Ƙasar Waje

"Anya zan iya kuwa?" Tambayar da ke hana malami barci ke nan tun daga ranar da takardar tafiya ta shigo hannunsa. Ba ya yin ta a bainar jama'a. A majalisa, idan abokai suna taya shi murna, sai ya yi murmushi ya ce nufin Allah ne. Da ya koma ɗaki kuwa, sai lissafi ya tashi. Mutumin da ya yi firamare a Dabawa, ya yi sakandare a Dutsin-Ma ko Kurfi, ya karɓi takardar malanta a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita kafin ya ƙaro digiri, shi ne zai tsaya gaban 'ya'yan mutanen da ko gaisuwarsu bai iya ba? Za su ji Turancinsa? Idan suka raina shi fa, wa zai kai wa ƙara?

Amsar ita ce zai iya. Sai dai iyawar ba ta zuwa a makon farko, kuma ba ta biyo hanyar da yake zato. Wannan babi zai bi sawunta daki-daki.

Su wa ke tafiya?

Ƙofofin fita sun fi yadda ake tsammani yawa. Mafi shahara ita ce shirin Gwamnatin Tarayya na tura ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da yankin Karibiyan da tsibiran Pasifik, wanda ake kira TAC. An kafa shi a 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, kuma wa'adinsa shekara biyu ne. Ta wannan ƙofa malamai da yawa suka koyar a Gambiya da Saliyo da Yuganda da Ruwanda da Zanzibar, wasu har Jamaika da Fiji. Jami'ar Musulunci ta Yuganda da ke Mbale, wadda aka buɗe a 1988, ta daɗe tana karɓar malamai daga Arewacin Nijeriya.

Akwai masu zuwa koyar da Hausa ita kanta, domin ana karanta ta a jami'o'in Jamus da Folan da Faransa da Sin da Amurka. Shirin Fulbright ya sha kai matasan malamai Amurka su koyar da harshen na shekarar karatu guda. A watan Fabrairun 2023 kuma Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya na lissafi da kimiyya da harsuna damar neman lasisin koyarwa a can. Ga kuma na kusa, waɗanda ba sa ko buƙatar jirgi: su bi ta Jibiya su shiga Maraɗi. Wurare daban-daban ne, albashi daban-daban, amma faɗuwar gaban ranar farko iri ɗaya ce.

Kwarjinin da gari ke ara wa malami

Kafin mu fahimci abin da malami ke samu a waje, sai mun fara gane abin da yake rasawa. Ku dubi malamin firamare a Dabawa. Ranar da aka kawo masa yaro, uban da kansa zai ce, "Malam, ga amanarka nan, idan ya ƙi ji ka hukunta shi." Yaron ya san cewa malam da babansa sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Ya san idan ya yi rashin kunya a aji, labarin zai riga shi isa gida. A hanya yana ganin dattawa suna tsayawa su gaisa da malam, ana kawo masa fom ya cika, ana neman shawararsa kan wace makaranta za a tura wance. An san gidansu, an san kakansa.

Duk wannan yana shiga aji tare da shi kowace safiya, shi kuwa bai ma san yana ɗauke da shi ba. Idan ya yi gyaran murya aji ya yi tsit, sai ya ɗauka ƙwarewarsa ce kawai. Akwai ƙwarewa a ciki, babu musu. Amma rabin kwarjinin na gari ne, aro aka ba shi.

To, wannan rabin ba ya wuce filin jirgi. A Mbale ko Banjul ko Birmingham, ba wanda ya san kakansa. Ɗaliban da ke gabansa ba su da wani dalili na girmama shi sai abin da za su gani da idonsu cikin minti arba'in. Shi ya sa za ka ga malamin da ya shekara goma sha biyar yana koyarwa a gida, yana tsaye gaban allo a makon farko hannunsa na rawa, kamar ɗalibin da aka turo gwajin koyarwa. Ya kamata duk mai shirin tafiya ya san wannan tun daga gida, domin wanda bai sani ba yakan yi wa kansa mummunar fassara. Yakan ce ashe dama can ban iya ba. Ba haka abin yake ba. Masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Zoɓe sun san yadda dashen tumatir ke yi: ranar da aka cire shi daga gado aka kafa a sabuwar ƙasa, sai ya langaɓe kamar zai mutu, ya kwana biyu a haka yana neman inda saiwarsa za ta kama. Manomin da ya san aikinsa ba ya tuge shi, ruwa yake ci gaba da ba shi.

Kunne ne ke fara buɗewa

Matsalar farko ta kunne ce, kuma ta ɓangare biyu ce. Ɗalibai ba sa jin malam, malam ba ya jin ɗalibai, alhali kowa Turanci yake yi. Mu Hausawa mukan haɗa sautin "p" da na "f", kuma mukan sa wasali a tsakanin baƙaƙen da Bature ke haɗewa. Da yawa daga mutanen Yuganda su kuma sukan musanya "r" da "l". Sai yaro ya yi tambaya, malam ya ce ya maimaita, ya maimaita, malam bai ji ba, aji ya fashe da dariya. Babu abin da ke karya gwiwa kamar wannan dariyar.

Waɗanda suka yi sakandare a tsohuwar Jihar Kaduna a shekarun 1970 da farkon 1980 za su tuna cewa mu ma mun taɓa zama a ɗaya gefen. Makarantunmu a lokacin cike suke da malamai daga Indiya da Pakistan da Filifin da Masar da Ghana. A zangon farko ba ma jin abin da malamin lissafi Ba'indiye ke faɗa, muna kwaikwayon maganarsa a ɗakin kwana. Kafin shekara ta ƙare kunnenmu ya saba, har muna mamakin sababbin ɗalibai da ke cewa ba sa gane shi. Injiniyoyi da likitoci da yawa na Katsina a hannun waɗannan baƙin suka koyi lissafi da kimiyya. Malaman Ghana ma, da aka kori baƙi daga Nijeriya a 1983, makarantu da dama sun daɗe suna jin giɓinsu. Abin da ya faru da kunnenmu shi ne zai faru da kunnen 'ya'yan wasu.

Ana iya gaggauta shi. Malam ya rage sauri, domin mai fargaba yakan zuba magana kamar ana korarsa. Ya rubuta kowace muhimmiyar kalma a allo yana furta ta, ido ya taimaki kunne. Kuma tun ranar farko ya faɗa da bakinsa: ni daga Arewacin Nijeriya nake, maganata za ta yi muku baƙunta, taku ma haka take gare ni, duk wanda bai ji ba ya ɗaga hannu. Abin da malam ya riga ya faɗa da kansa ba ya zama makamin tsokana a hannun yara.

Sai sunaye. Ina ganin babu aikin da ya fi wannan riba a watan farko. Malam ya ɗauki rajista ya zauna da wani abokin aiki ɗan ƙasar, ya sa shi ya furta kowane suna, shi kuma ya rubuta a gefe yadda ya ji shi, da rubutun Hausa ko ma da ajami idan ya fi masa sauƙi. Yaron da ke surutu a bayan aji, idan aka ce "kai, wancan", kafaɗa zai ɗaga. Idan aka kira sunansa yadda uwarsa ke kiransa, sai ya gyara zama.

Dokokin da ba a rubuta ba

Manhaja ba ta cika ba da wahala ba. Wanda aka tura Gambiya ko Saliyo zai tarar da jarrabawar WAEC ɗin da ya sani, domin hukumar ta ƙasashe biyar ce: Nijeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Wanda ya je Yuganda zai tarar da wani tsarin, shekara huɗu sannan biyu a sakandare, amma lissafi dai lissafi ne. Abin da ke kayar da mutum shi ne abin da ba wanda zai gaya masa, saboda 'yan ƙasa ba su ma san abin faɗa ba ne.

Ga maki, misali. A jami'o'inmu wanda ya ci 70 ya kai ƙololuwa, sai a yi masa barka. A Amurka 70 maki ne na tsaka-tsaki, sai ka kai 90 ake cewa ka yi fice. Malamin da bai san haka ba zai ba ɗaliba mai ƙoƙari 72 yana ganin ya karrama ta, sai ga ta a ofishinsa da hawaye. A Nijar kuwa, nan kusa da mu, bisa 20 ake ba da maki, 10 ne tsira, kuma 14 abin alfahari ne. A gida mun saba raba takardun jarrabawa muna kiran suna da maki kowa na ji. A ƙasashe da yawa wannan tonon asiri ne da zai iya jawo wa malami takardar gargaɗi.

Ga kallo. An tarbiyyantar da mu cewa yaro ba ya haɗa ido da babba. A Ingila yaron da ya sunkuyar da kai ana yi masa magana shi ake zargi da ɓoye wani abu, wanda ya zuba maka ido kuwa ladabi yake yi. Ɗalibin jami'a a Amurka zai iya kiran malam da sunansa tsirara, ya yi masa gardama a tsakiyar darasi, ba da nufin raini ba. A Jamus idan lacca ta ƙare ɗalibai sukan ƙwanƙwasa tebur da hannu. Baƙon malami zai zaci kora ce, alhali tafi ne. A Sin kuma aji yakan yi shiru, ka yi tambaya ba mai ɗaga hannu, sai ka zaci ba su gane ba ko ba sa son ka, nan kuwa kunyar yin kuskure a gaban jama'a ce.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarami ne, amma idan suka taru sai mutum ya ji kamar ƙasar gaba ɗaya ta juya masa baya. Maganinsu ɗaya ne, kuma girman kai ne kaɗai ke hana shan sa: malam ya nemi izini ya zauna a bayan ajin wani malami ɗan ƙasa, ya yi shiru ya kalla. Yaya yake shiga? Yaya yake tsawatarwa? Me yake kawar wa kai? Sa'a biyu a wannan kujera ta fi wata guda na zato. Ya kuma samu dattijo ɗaya a ofishin malamai, wanda zai iya tambayarsa ba kunya. Kowace makaranta a duniya tana da irin wannan mutumin, kuma yawanci yana jin daɗin a tambaye shi.

Aji babu bulala

A nan ne jarrabawar gaske take, kuma dole a faɗe ta ƙarara. Ingila ta haramta dukan ɗalibai a makarantun gwamnati tun shekarun 1980. Kenya ta hana a 2001, Yuganda ta sa haramcin cikin dokar yara a 2016. A wasu wuraren ko kama hannun yaro cikin fushi na iya raba mutum da aikinsa, har ya kai shi gaban 'yan sanda. Malamin da ya saba shiga aji da tsumagiya a hammata, ko da ba ya yawan amfani da ita, zai ji hannunsa wayam.

Watannin farko sukan yi zafi. Amma a wannan matsin ne yake koyon abubuwan da da can bai ga dalilin koyonsu ba. Yakan gano cewa yawancin hayaniya a minti biyar na farko take tsirowa, don haka sai ya riƙa rubuta ɗan aiki a allo kafin yara su zauna. Yakan gano cewa takawa a hankali ka tsaya kusa da mai surutu, kana ci gaba da bayani, ya fi ihu daga gaba. Yakan daina alkawarin hukuncin da ba zai iya zartarwa ba, wanda ya faɗa kuwa ya cika shi, ko kan ɗan wa ya faɗa. Yakan kuma shirya darasi fiye da yadda ya taɓa yi a rayuwarsa, domin ya ga ajin da ke da abin yi ba ya samun sararin fitina.

Ni a ganina wannan ita ce babbar ganimar tafiyar, ta fi kuɗin da ake dawowa da su. Ranar da aji na yara talatin da biyar, waɗanda ba su san garinsa ba kuma ba sa tsoron dukansa, suka yi shiru saboda suna son jin ƙarshen abin da yake faɗa, wannan shirun nasa ne, ba gari ne ya ara masa ba.

Shekara ta biyu

Zangon farko na neman tsira ne. A na biyu kunne ya buɗe, an san hanyar kasuwa da masallacin Juma'a, ciki ya fara karɓar dafaffiyar ayabar Yuganda ko miyar gyaɗar Gambiya. Amma sai shekara ta zagayo ake ganin canji na sosai, kuma dalilinsa a fili yake: malam yana koyar da abin da ya riga ya koyar a wannan ƙasar. Ya san shafin da ɗalibai za su yi tuntuɓe, ya san makon da hankalinsu ke tashi, ya san irin tambayar da iyaye za su yi a taro. Abin da mutum ya hango tun daga nesa ba ya razana shi. Ga kuma sababbin ɗalibai da suka shigo da labarinsa a kunnensu daga na gaba da su. A hankali ya fara tara nasa sunan a sabon gari.

Akwai alamar da nake ganin ta fi kowace nuna cewa ƙafa ta kafu. Da farko baƙon malami yakan ɓoye inda ya fito. Ya sa kwat, ya murɗe harshe, duk misalan da zai bayar daga littafi suke. Sai wata rana ka ji shi yana koyar da lissafin kaso da tiya da mudu, yana bayanin yadda ake raba amfanin gona tsakanin mai ƙasa da mai noma. Ko yana darasin yanayin ƙasa da labarin yadda hunturu ke busar da leɓe a Kurfi, da yadda ake jiran ruwan farko kafin shuka gero. Ranar Juma'a ya shigo da kaftani da hula. Abin mamaki, waɗannan darussan ne ɗalibai suka fi riƙewa, domin ba su da wani malami da zai ba su irinsu.

Ba yau aka fara ba

Bahaushe ya daɗe yana koyarwa a ƙasar da ba tasa ba. Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Imam Umaru, an haife shi a Kano wajen 1858. Ya isa Salaga, a ƙasar Ghana ta yanzu, a daidai lokacin da yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin. Baƙo ne, garin da ya dogara da shi ya watse, sai ya koma Kete-Krachi ya sake farawa. A can ya buɗe makaranta, ya zama limami, ya koyar da jami'in Jamus Adam Mischlich Hausa, ya kuma rubuta masa tarihin ƙasar Hausa da al'adunta. Da ya rasu a 1934, almajiransa sun bazu a zangunan ƙasar. A shekarar ce kuma aka buɗe makarantar shari'a a Kano da malamai daga Sudan, waɗanda su ma sai da suka sha baƙunta a cikinmu kafin su yaye alƙalan Arewa.

Abin da haƙuri ba ya magani

Kada a ɗauka kowace damuwa rashin sabo ce. Akwai makarantun kuɗi a wasu ƙasashe da ke riƙe fasfon malami, ko su canza sharuɗɗan kwantiragi bayan ya iso. Akwai wariyar launin fata. Akwai mummunan zaton da ake yi wa ɗan Nijeriya tun kafin ya buɗe baki. Malama mai hijabi kuma ta bincika dokar ƙasa tun kafin ta sa hannu, domin a Faransa, misali, ba a yarda malamin makarantar gwamnati ya sa alamar addini a bakin aiki ba, alhali a Ingila ba haka ba ne. Irin waɗannan ba zama ake yi a jira su wuce ba. Ana rubuta abin da ya faru da kwanan wata, a nemi ƙungiyar malamai ko ofishin jakadanci. Wanda ƙafarsa ta kafu ya fi iya bambance kuskurensa da zaluncin da ake yi masa, shi ya sa ya fi iya tsayawa ya yi magana.

Sai kaɗaici, wanda ke cin mutum a ɓoye. Waya ta sauƙaƙa zumunci, amma tana iya zama tarko: malam yana Mbale da jikinsa, ruhinsa kullum yana majalisar Dutsin-Ma ta WhatsApp, ba ya zuwa suna ko jana'izar maƙwabtansa na can. Wanda ya yi haka yakan cika shekara biyu yana baƙo.

Duk abin da muka faɗa ya tsaya ne a kan malam shi kaɗai, shi da allonsa. Amma ya bar mutane a baya: uwargida da yara, tsofaffin da ke jiran aike, da kujerar aikinsa da yake fatan tararwa idan ya dawo. Babi na gaba zai duba yadda ake neman hutun aiki ba tare da an rasa gurbi ba, yadda ake tsara kuɗin da ake turowa gida, da shawarar da ta fi kowace wuya: a tafi da iyali ko a bar su.